Ƙasan Buta

Kofunan ne suka fara faɗuwa, sannan Auta ta bi su. Mai Shayi ya saki ludayi ya tsallake benci, ya tarar da 'yarsa kwance a ƙofar kamfanin wanke ma'adinai, inda yake kafa teburinsa tun kafin a haife ta. Leɓenta ya bushe ƙamas, ita da ta wuni tana ɗirkar ruwa.

A asibiti likita ta auna jininta, ta juya tafin hannunta, ta daɗe tana duban wasu ƙuraje masu tauri kamar tsakuwa.

"Baba, ciwon suga ne," in ji ta.

"Haba likita, yarinyar da ko sakandare ba ta gama ba?"

"Wane ruwa kuke sha?"

"Na famfon bayan kamfani. Kyauta suka ja mana."

Likitar ta ajiye biro. "Ita ce kusan ta goma da muka gani da wannan ciwo daga layinku. Mun gwada ruwan nan, akwai guba a ciki, arsenik ake ce mata. Jiki yana da wani sinadari, insulin, mai shigar da suga cikin tsoka. Gubar tana sa tsoka ta daina jin maganarsa, yawan zaƙi kuma yana ƙara taurara mata kunne. Sai sugan ya taru a jini ya yi ta ɓarna."

Mai Shayi ya gyara zama, don an taɓo inda yake alfahari. "Ai ni ba na ba kowa ɗanyen ruwa. Butata wuni take a kan wuta."

"Tafasawa ƙwayar cuta take kashewa, Baba. Ita kuwa wannan gubar, ruwan ne ke tashi, ita ta zauna ta yi kauri."

Tun Auta na rarrafe, kullum in ya tashi kasuwa ita yake aje wa ƙasan buta, wanda ya fi dahuwa, ya zabga masa suga har cokali ya tsaya, saboda ɗan ƙarnin ƙarfen da ba ta so. Yayyenta har gori suke mata, wai 'yar lelen Baba. Ashe da hannunsa yake tace mata mafi muni.

* * *

Washegari ya sami manajan kamfanin a ofis, ya cire hula ya faɗa masa komai. Manaja bai ko ɗaga murya ba.

"Ruwan da muka ba ku sadaka? To, ka je ka yi shela. A rufe kamfani, leburori su watse, ka sayar wa iska shayi. Sai ka gaya min da me za ka sayi maganin yarinyar."

"Ranka ya daɗe, mutane ne ke sha."

"An ɗaure wani an ɗura masa?"

Ya fito yana jin kunyar kansa. Maganin Auta ba na mako ba ne, na har abada ne. Likita ta ce in aka yi wasa idonta ne zai fara tafiya. Ruwan jarka kuwa, in ya saya wa buta, ribar ta ƙare ke nan. Sai ya sayi jarka ɗaya ya kai ɗaki, ya ce wa matarsa ta gida ce kawai, kada ta bari maƙwabta su tambayi dalili.

* * *

Da safe ya hura wuta kamar kullum. Bencin ya cika da leburori, ana ta yi masa ya mai jiki. Wani sabon ma'aikaci ya zo saɓe da 'yarsa ƙarama, ya ce uwarta na asibiti wurin haihuwa.

"Baba, haɗa mata mai zaƙi sosai, ba ta karya ba."

Mai Shayi ya buɗe baki zai gargaɗe shi. Daga bakin get motar manaja ta danna hon, maigadi ya ruga ya buɗe.

Ya rufe bakin, ya tsiyaya rabin kofi. Uban ya karɓa da godiya, ya durƙusa yana hura mata don kada ya ƙona ta.