Gayya a Kan Jinkar Kuroiwa

A kan jinkar gidan Shozo Kuroiwa har bishiya ta tsiro. Ba wata babba ba ce, tsawonta bai wuce kamu biyu ba, amma duk wanda ya biyo hanyar kwari zai hango ta tsaye a ƙololuwa tana kaɗa ganye, sai ka ce ita ce mai gidan. Ɓangaren arewa na jinkar ya riga ya ruɓe ya lotsa. A ɗakin sama, ƙarƙashin azara, tsohon ya jera bokitai da tukwanen marigayiya matarsa, idan ruwa ya sauko kowanne da irin kukansa. Mu mutanen Hinokidani mun san abin da ke tafe: rufin da ya gaza da ruwan kaka ba zai ɗauki dusar ƙanƙarar hunturu ba. Ɗansa Noboru, wanda ke aiki a Nagoya, ya riga ya yanke magana. In ba a gyara rufin kafin sanyi ba, zai zo ya kulle gidan ya tafi da uban birni.

Ba shuci aka rasa ba. Kaka bayan kaka Kuroiwa yake hawa gangare da laujensa, ya yanko, ya ɗaure dami-dami, har rumbunsa ya cika maƙil. Hannaye ne babu. A da gayya muke yi: gari ya fito kwansa da kwarkwata, a kware tsohon rufi da safe, kafin a ankara an baibaye sabo. Ba a biyan kowa, amma kuma ba kyauta ba ce. Wanda ya hau rufinka, kai ma sai ka hau nasa. Kuroiwa ya hau kowace jinka a kwarin nan, sai dai waɗanda ya hau wa ɗin wasu sun riga mu gidan gaskiya, wasu sun buga kwano, sauran kuwa ko kujera za su hau sai an riƙe su.

Chizuru ce ta kawo dabara. 'Yar ƙanwar marigayiyar ce, kuma a ofishin hukumar gari ita ke kula da ƙawancenmu da Alder Falls, wani ƙaramin gari a jihar Oregon ta Amurka. Ƙawancen ya daɗe, ya girmi Chizuru kanta. Su zo mu ba su shayi, mu je su ba mu gasasshen nama, a yi jawabi, a ɗauki hoto, kowa ya koma gida da tsaraba. A bana shugabar tawagarsu, wata dattijuwa mai suna Loretta Haugen, ta ce ƙafafunsu sun gaji da zaman shayi, a nemo musu aikin da za su yi gumi. Chizuru ta ji wannan kamar an yi mata albishir. Ba ta ko shawarci kawun nata ba, don ta san halinsa, ta kwaso su a motar hukuma ta sauke a ƙofar gidansa.

Kuroiwa ya karɓe su yadda ake karɓar baƙi. Ya rusuna, ya shimfiɗa matasai, ya zuba shayi da hannu biyu. Chizuru ta zauna tsakani tana tafinta. Baƙin kuwa sun cika ɗakin, mazansu da matansu, wani ƙato a cikinsu mai suna Dwight, tsohon ɗan kwana-kwana, tuni goshinsa ya gaisa da ƙofa.

Loretta ta ce, fuskarta cike da fara'a, "Ki gaya masa kada ya damu da komai. Kyauta muka zo yi. Ko tsinke ba ma so daga gare shi."

Chizuru ta juya maganar yadda take. Tsohon ya ajiye butar shayi a hankali. Ya yi godiya doguwa, ya yabi nisan tafiyarsu, ya tambayi lafiyar iyalansu, daga nan ya ce rufin bai kai lalacewar da ake faɗa ba, kada a wahalar da baƙi. A daidai lokacin wani ɗigo ya faɗa cikin bokiti a sama, kowa ya ji.

Da suka fito tsakar gida, Chizuru ta koma ta same shi yana wanke kofuna.

"Haba Kawu! Mutane sun ƙetaro teku saboda kai."

"Saboda ni, ko saboda ofishinku ya sami hoton bango?"

"Wallahi ka cika taurin kai. Noboru zai ɗauke ka fa."

"Ya ɗauke ni ɗin. 'Yar nan, ni ban taɓa kwana a ƙarƙashin rufin sadaka ba. In sun hau nawa, ni wanne zan hau musu? Ko so kike in mutu da nauyin mutane a wuyana?"

Ta fito idonta ya yi ja. Loretta ta ja ta gefe ta tambaye ta abin da suka yi ba daidai ba, Chizuru ta zayyana mata komai. Dwight ya ce to ai da sauƙi, tsohon ya dafa musu abincin rana, shi ke nan an yi biyan juna. Loretta ta harare shi har ya sunkuyar da kai. 'Yar manoma ce ita, kuma ta ce ta tuna yadda mahaifinta ya daina gaisawa da wani maƙwabci, don kawai mutumin ya taya shi girbi sannan ya hana shi ramawa. "Mu ne da laifi," in ji ta. "Mun shigo gidan mutum muna yi masa kallon abin tausayi."

Ta koma ciki, wannan karon babu fara'a, ta zauna gabansa kamar mai cinikin saniya.

"Dattijo Kuroiwa, na janye maganata. Ba kyauta za mu yi ba. Muna da rufin da ya fi ƙarfinmu."

Ta miƙa masa wayarta. Hoton wata rumfar hutawa ce a lambun garinsu, wadda dattawanmu suka gina musu tun farkon ƙawance, da jinka irin tamu. Yanzu rabinta shuɗin tamfol ne, an ɗaɗɗaure shi da wayar ƙarfe. Kuroiwa ya sa tabarau, ya kawo hoton kusa da hanci, ya nisanta shi, ya sake kawowa.

"Wane mara kunya ne ya yi wannan ɓarna?"

Chizuru ta fassara. Daga bakin ƙofa Dwight ya ɗaga hannu a hankali.

Amma tsohon ba yaro ba ne da za a lallashe shi da alewa. Ya tsare Loretta da tambaya, don ya tabbatar ba ƙirƙirar buƙata aka yi a rufa masa asiri ba. Tana yoyo? Kamar kwando, in ji ta. Akwai mai zama a ciki? Tsofaffin gari ne, kullum da hantsi, ban da ranar ruwa. Akwai shuci a ƙasarsu? Ta ce akwai wata doguwar ciyawa a bakin fadama, ba ta san ko za ta yi ba. Ya ce a nuna masa tsawonta, ta miƙe ta ɗaga hannu sama da kanta. Ya murza haɓa.

"To, da sharaɗi. Ni da kaina zan je. Ba aike ba, ba saƙon baki ba."

"Kawu," in ji Chizuru, "kai da ko Tokyo ba ka taɓa wucewa ba? Da wannan gwiwar?"

"Ke aka ce ki fassara, ba ki yi mini likita ba."

Washegari da sassafe aka kafa tsani. Abin da na gani a kwanakin nan ba zan manta da shi ba, kuma ba na jin kunyar cewa sun burge ni. Mutanen nan ba su san kan aikin ba ko kaɗan, amma ba su da girman kai. Aka kware ruɓaɓɓen shuci, baƙar ƙurar hayaƙin shekara da shekaru ta turnuƙe su, suka koma kamar masu haƙar gawayi, suna tari suna dariya. Suka yi layi daga rumbu zuwa tsani, dami na bin hannu. Aka tura Dwight ɗakin sama, inda mutum zai tsaya cikin duhu ya karɓi doguwar basillar gora da ake sokowa daga waje, ya zagaya igiya a jikin azara, ya mayar. Kalma biyu kawai aka koya masa, dama da hagu, kuma har aka gama yana rikita su.

Kuroiwa yana can ƙololuwa, ya ɗaura tawul a goshi, ya zama wani mutum daban. Duk ladabin ranar farko ya bi iska.

"Ke mai jar hula! Wannan ɗauri ne ko kwalliya? Kwance! Kai kuma na ciki, hagu na ce, hagun da uwarka ta haife ka da shi!"

Chizuru, baiwar Allah, sai ta juya ta ce, "Yana cewa kuna ƙoƙari, a ɗan ƙara matsewa."

Loretta ta tsaya da dami a kafaɗa. "'Yata, na haifi 'ya'ya, na san faɗa ko da wane yare aka yi shi. Ba mu abinmu yadda yake."

Chizuru ta ba su yadda yake, aka fashe da dariya har Dwight ya sake buga kai a azara. Mu da muke ƙasa mun gane abin da ya faru, ko da su ba su gane ba. A garinmu ba a yi wa baƙo tsawa. Wanda aka yi wa tsawa a kan rufi, ya zama ɗan gayya.

Hayaniyar ce ta fito da sauranmu. Tsofaffin da suka ce ƙugu ya hana su motsi suka zo kallo, daga kallo suka fara gyara wa baƙi riƙon igiya, daga nan sai ga su zaune suna daidaita gindin shuci. Mata suka ɗora tukunyar miya, suka dunƙula shinkafa da gishiri. Wani jami'i daga ofishin jakadancin Amurka ya iso cikin kwat da takardar jawabinsa, Kuroiwa bai san ko wane ne ba, ya daka masa tsawa ya matsa daga hanya ko ya ɗauki dami. Mutumin ya ninke kwat ɗinsa a kan dutse ya shiga layi. Ba a yi jawabin ba, kuma ban ji wanda ya nema ba.

Ranar da aka aske bakin jinkar da almakashi, ta fito fes, ruwan zuma, kaurinta ya kai tsawon hannu. Da za su tafi Loretta ta buɗe hannu za ta rungume Kuroiwa, ya ja da baya da sauri ya rusuna, ita ma ta rusuna, suka kusa gwara kai. Bai yi doguwar godiya ba. Abin da ya ce kawai, su yanke ciyawar fadamar tasu bayan sanyin farko, su jingine ta a tsaye, kada wanda ya kuskura ya kwantar da ita a ƙasa, musamman wancan ƙaton.

Dusar ƙanƙara ta fara sauka a makon da Noboru ya zo. Ya tsaya a tsakar gida da takalmin birni, ya daɗe yana kallon rufin. Sannan ya shiga ya tarar da uban a bakin murhu, ya miƙe ƙafar da ke ciwo, yana tufka igiya.

"Baba, rufi ya yi kyau. Amma maganar Amurkar nan, ai wasa ne ko? Likita ya ce ka daina hawa tsani."

"In ƙanƙara ta narke zan tafi. Chizuru na nema mini fasfo."

"In kuma ƙafar ta ƙi fa?"

Tsohon bai ɗago ba. "In ta ƙi, ko ni ɗin ban kai lokacin ba, ai ba ni kaɗai suka yi wa ba. Gidan nan suka yi wa, kuma gidan nan ne zai rama. Kai za ka je."

Noboru ya yi dariya, ya ga uban bai yi ba, ya daina.

"Baba, ni fa ban taɓa baibaya ba. Ko ƙulli ɗaya ban iya ba."

"Na sani."

Kuroiwa ya jawo matashi da ƙafarsa mai lafiya, ya tura shi kusa da murhu, ya miƙa masa bakin igiyar. Noboru ya duba agogonsa, ya dubi ƙofa. Sannan ya cire rigar sanyinsa, ya zauna.

"Ba haka ake riƙewa ba," in ji tsohon. "Kawo hannun."