Gem a Sito

Alhaji Ƙasimu ya ture buhun masara na ƙarshe, ya jawo kwalaye biyu daga ƙuryar sitonsa na kasuwar Rano, yana haki. Warin maganin ƙwari ya bugi hancin Munzali, mai shagon gem na bakin tasha inda yara ke buga wasa a talabijin, wanda aka kira ya yi wa kayan kuɗi.

"Alhaji, har magani ka sa musu?"

"To, ajiya ce ko ba ajiya ba?"

Bara da kaka abin ya faru. Alhaji ya kai hatsi Kano, a cikin mota ya ji samari suna hira, wai kamfanin da ke ƙera na'urar gem faɗuwa yake yi a kan kowace ɗaya da ya sayar. Shi kuwa a harkar hatsi ya yi furfura, ya san mutum ba ya karyar da kaya sai ya matsu. Abin da ake yi wa manomi da kaka, shi ya yi wa kamfani: ya sayi biyu sababbi fil a kwali, ya jefa sito, sai damina. Tun daga ranar 'yan layin hatsi suka laƙaba masa Alhaji Gem.

Yanzu ga damina ta sauka. Masarar gonarsa da ke Durba ta kai gwiwa tana neman taki, hatsi kuma ya karye har sayar da shi ya zama zubar da jari. In kwalayen nan ba su kawo kuɗin taki a satin nan ba, gonar bana ta tafi.

Munzali ya sosa ƙeya. "Wallahi Alhaji, ba matsuwa suka yi ba. Da gangan suke karyarwa. Kamar in ba ka fitila da araha ne, amma ba batirin da ke shigarta sai nawa. Kowane wasa ka saya ka sa a ciki, ko wa ya ƙirƙire shi, suna da kasonsu. In kana son karawa da na wani gari ta intanet, wata-wata za ka biya."

"Su ci, Allah ya sa albarka. Ni kuɗin kwalayena nake tambaya."

"Nan gizo ke saƙar. Wannan kaya ba ya tashi kamar wake. In ya kwana biyu sauka yake yi, don sai su gano yadda za su ƙera shi da sauƙi."

Alhaji ya zauna daɓas a kan buhu, ya cire hula yana fifita. Tsoro ya kama shi na gaske, don ba shi da wata dabarar bayan wannan.

"Bari dai in kira Kano," in ji Munzali. Ya kara waya a kunne. "Nawa? Kai, sake faɗa!" Sai ya fashe da dariya. "Alhaji, Allah ya dube ka! Bana kayan haɗin sun yi musu tsada, su da kansu suka ƙara kuɗi, ga dala ta hau. Guda ɗaya ma ta yi maka taki."

Habawa! Alhaji ya miƙe zumbur kamar ba shi ke kukan gwiwa ba. Ya fito bakin sito, baki har kunne, yana kiran 'yan layi da sunayensu.

"Ku zo ku ga Alhaji Gem! Ba na gaya muku ba? Ajiya ba ta ƙarya!"

"Alhaji, sa'a fa ka taka," in ji Munzali.

"Yi mini shiru, yaro. Ilimi ne."

Munzali ya ce zai sayi duka biyun, amma sai an gwada, kada a ce ɓera ya riga shi. Suka ɗunguma zuwa shago. Aka tada janareto, aka jona ɗaya da talabijin, Munzali ya sa mata wasan ƙwallo na shagonsa, fili kore shar ya bayyana, 'yan ƙwallo sun jeru. Don tsokana Munzali ya miƙa wa Alhaji abin dannawa.

"Wannan gudu, wannan buga."

Alhaji ya riƙe shi kamar an ba shi jariri. Ɗan wasansa ya yi waje da ƙwallo, ya sake yin waje. Can sai ya danna abin da shi ma bai sani ba, ƙwallo ta faɗa raga. Shago ya kaure da ihu, Alhaji ya fi kowa, hula ta faɗi bai ma waiwaye ta ba. Rabonsa da daɗi irin wannan tun yana buga langa a dandali.

Da aka kira la'asar, da kyar ya saki.

"Munzali, ɗaya zan sayar."

"Ɗayar fa? Sito za ta koma?"

"Gida." Ya gyara murya. "Wasan ƙwallon nan, nawa ne?"

Munzali ya faɗa. Alhaji ya yi salati, ya ce ai wannan kuɗin buhun gero ne, mutanen nan ba su da tsoron Allah. Ya ɗauki hularsa ya kaɗe, ya dubi talabijin, ya sake dubawa.

"Sa mini shi a ciki," ya ce. "Na dambe fa, akwai?"