Jeren Ladi a Jikin Mota

Shekarar da soja suka koma bariki, Alhaji Sammani na GRA ya ci kujerar majalisar jiha, aka ce yana neman direba. Tsohon direbansa, Baba Almu, idanu sun fara gajiya, shi aka bar wa zaɓen magaji. Ya aiko wa Mamman, mijin Ladi, cewa ranar Alhamis da hantsi zai zo gidansu a Ƙofar Durbi. Ba zai ba mutum motar Alhaji ba sai ya ga yadda yake riƙe tasa.

Ladi ta san abin da aikin nan yake nufi. Shekara shida Mamman yana jigilar fasinja zuwa Jibiya, ya fita da asuba ya dawo baya a sage.

Ranar Alhamis ya wanke tasinsa har tana ɗaukar ido. Ya kwance ƙananan fitilun gefe guda huɗu, biyu ja, biyu ruwan lemo, ya miƙa mata.

"Ki wanke min su da omo, bari in je aski."

Ta wanke su da tsohon buroshi, suka fito kamar alewa. Da ta ga ya daɗe, ga sukundireba a ƙasa, ga motar a cikin gida, sai ta ce bari ta rage masa aiki. Ita ce mai yi wa amaren unguwa jere, kuma kowa ya san kwanon da ya fi kyau shi ake sawa a gaba. Ta ɗaura jajayen kusa da hancin mota, ta mai da masu ruwan lemo baya.

Mamman ya dawo tare da baƙon, don a hanya suka haɗu. Ladi ta laɓe bayan labule. Bayan doguwar gaisuwa, Baba Almu ya zagaya motar, ya leƙa inji, ya taɓa taya. Sai ya tsaya, ya nuna da sanda.

"Mamman, wannan gaba take tafiya ko baya?"

Mamman ya duba. Ya shafa sabon askinsa.

"Kuskure ne, Baba. Ruwan lemo ne na gaba, ja na baya, haka doka ta ce. Wanda ya fito daga lungu ya hango gefena, da su zai gane inda na dosa. In ya ga ja a gaba, sai ya ɗauka na wuce, alhali kansa nake tahowa."

"Ka sani ke nan. To wa ya ɗaura?"

"Motata ce, Baba. Laifina ne."

Ladi ta matso jikin labule. Ba ta taɓa yi wa baƙo magana ba, amma ta ji muryarta ta fita, siririya.

"Baba, ni ce. Jan ya fi kyau, shi ya sa."

Tsohon ya juyo wajen labulen. "Ya fi mi?"

"Kyau. Kamar jere."

Baba Almu ya yi dariya har sandar ta suɓuce. "Mamman, ashe amarya kake tuƙawa! Saura ka sa mata lalle."

Mamman ya durƙusa da sukundireba, ya mai da kowace fitila gurbinta, ya kunna, huɗun suka kama.

"Masu sanin doka suna da yawa," in ji Baba Almu, yana share hawaye. "Amma direban babban mutum, kunnensa na jin abubuwa da yawa a mota. Wanda bai tona asirin matarsa ba, ba zai tona na Alhaji ba. Asabar ka zo ka karɓi makulli."

Ladi ta yi guɗa kafin ta tuna da baƙo, ta toshe baki da mayafi.

Daga soro tsohon ya ɗaga murya. "'Yata, jikata za ta tare bayan Sallah. Jeren naki ne. Can ki sa jan a gaba, ba mai kama ki."