Agwagwar Auta

Auta, ƙaramar 'yata, tana shekarar ƙarshe a kwalejin fasaha, sashen lantarki. Kowane ɗalibi sai ya ƙera wani abu da hannunsa kafin a sallame shi. Ita ta ce abin kiɗa za ta yi, na busawa. Ni direban motar gidan burodi ne, karatuna bai yi nisa ba. Da na ga tana haɗa guntun bututun roba da wayoyi da lasifikar tsohuwar rediyona, na tambaye ta ko wannan tarkacen ne zai fitar da ita. Ta ce in zuba ido kawai.

Don mahaifiyarta ta yi shi. Maman Auta ta yi shekaru a masaƙa tana shaƙar ƙurar auduga har huhunta ya lalace. Matar da a da in tana wanki maƙwabta ke jin waƙarta ta kan katanga, ta koma magana sai da raɗa, ita ma sai ta huta a tsakiya.

Ranar gwajin farko abin ya yi wani mugun kuka. Maman ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, ta ce mun kai yarinya makaranta ta ƙyanƙyaso mana agwagwa. Sunan ya bi shi. Amma Auta ta yi ta gyara har muryarsa ta yi laushi kamar ta sarewa. Akwai maɓallai a jikinsa inda ake ɗora yatsu, kuma ba ya buƙatar iska mai yawa. Ɗan hucin da zai motsa gashin kaza ya ishe shi. Da shi Maman ta koma rera waƙoƙinta tana jingine da filo. In na dawo aiki na jiyo shi tun daga bakin ƙofa, sai hankalina ya kwanta.

A gefensa akwai wani ɗan noti. Wata safiya na iske Auta a kicin tana murɗa shi da bakin wuƙa. Ta bayyana mini cewa in an murɗa shi dama, abin yana ƙara jin numfashi mai rauni. Na tambaya sau nawa ta murɗa. Ta ce ta daina ƙirgawa, kuma kada in gaya wa Mama. Daga ranar na koma leƙen notin nan kamar mai duba man mota a doguwar hanya.

Da jarrabawa ta matso, malamin da ke duba aikinta ya busa abin, ya yi ƙara har ɗalibai suka toshe kunne. Ya ce ba wanda zai ba da maki a kan abin da mai lafiya ba zai iya busawa ba. Ya ce ta mayar da notin baya, ta kuma bar abin a sashen tare da na sauran har masu jarrabawa daga waje su zo. Auta ta dawo gida ta ce ba za ta bari ba, gara ta maimaita shekara. Na ce ba da yawuna ba. Muna cikin ja-in-ja Maman ta ƙwanƙwasa gefen gado, muka shiga.

"Ki kai musu shi," ta raɗa wa Auta. "Ni ba inda za ni."

Auta ta mayar da notin baya ta kai shi makaranta. Masu jarrabawar suka ɗage zuwansu, suka sake ɗagewa. Gidan ya yi tsit. A tsakanin nan numfashin Maman ya tsananta, muka kai ta asibiti, aka sa mata robar iska a hanci. Kullum Auta ta shigo, hannunta uwar ke fara kallo.

Ranar da masu jarrabawar suka zo, Auta ta ci. Ta ce har wani mai furfura a cikinsu ya tambaye ta ko za ta ƙera da yawa. Daga makaranta ta wuto asibiti kai tsaye da abin a jaka. A baranda ta ari mukullin motata ta murɗa notin dama, ta yi ta murɗawa har ya tsaya. Ta ƙara gwadawa, ya ƙi motsi.

Muka shiga. Na ɗago Maman na tallafe ta a ƙirjina, Auta ta sa mata bututun a baki ta jera mata yatsu a kan maɓallan. Ina jin haƙarƙarinta yana ɗagawa a hannuna. Ta busa. Babu abin da ya fito. Ta huta, ta tattara abin da ya rage mata, ta sake busawa. Matar da ke gadon kusa, wadda ta juyo don ta saurara, ta mayar da fuskarta bango.

"Batir ne, Mama," in ji Auta. "Sun cinye shi da gwaje-gwajensu. Bari in sayo wani."

Maman ta dube ta, ta dube ni, ta gyaɗa kai, ta miƙa mata abin.

Na kwantar da ita na bi Auta waje. Tana tsaye a ƙarshen baranda kusa da kwandon shara, ta rungume shi. Na ce akwai shago a bakin get, in je in sayo mata, wane iri ne?

"Baba," ta ce, "da safen nan na sa sabo."