Ranar da Leeba Ta Ci Tsere

Duk wanda ya hallara a filin bayan kantin Ralitelu ranar nan ya zo ne da fatan dokinsa ya ci, ban da Malefane. Shi tun da ya baro ƙauyensu a kan tsauni yake roƙon Allah goɗiyarsa ta zo ta ƙarshe.

Na ce goɗiyarsa, amma bakina ne ya zarce. Leeba ta Morena Ramakoro ce, sarkin yankin, wanda ya ba shi ita mafisa, wato kiwo: ka ciyar, ka hau, ka mora, ranar da mai abu ya tuna da abinsa kuma ka kai masa kana godiya. Sa'ad da aka ba shi ita ba wanda zai ɗauke ta ko kyauta. Ƙazuwa ta cinye mata wuya, ana ƙirga haƙarƙarinta daga nesa. Shi ma a lokacin bai daɗe da dawowa daga ramin zinariya ba, inda dutse ya murƙushe masa gwiwar hagu, aka sallamo shi da sanda. Mutanen fada har dariya suka yi, suka ce an haɗa gurgu da gurguwa.

To, gurgun ya yi jinyar gurguwar. Ya shafa mata man kitse, ya raba masararsa da ita, da sanyi ya tsananta ya shigar da ita ɗakin da yake kwana. Ta murmure, ta yi sumul, ta zame masa ƙafafu. A bayanta yake zuwa coci, a bayanta yake hauro da buhun masara, a bayanta ya kai matarsa Mamosa asibitin mishan shekarar da ciki ya zo mata da gardama. A ƙasar da hanya ba ta san miƙewa ba, gurgun da ba shi da doki ya zama ɗan zaman ƙofar ɗaki ke nan.

Morena kuwa ya manta da ita, kuma Malefane ya yi iya ƙoƙarinsa kada a tuna. Ba ya bi da ita ta ƙofar fada, ba ya sukuwa inda ido yake. Sai ga shi bana dawakin sarkin ƙetaren kogi sun sake kunyata na Morena a gaban Turawa, ransa ya ɓaci, ya aika a gaya wa duk mai riƙe da dokinsa ya kawo shi tseren bayan girbi.

"Ntate, ai jego take yi," in ji Malefane ga ɗan aiken, yana kiransa baba da harshensu. "Dubi ɗanta, ko ciyawa bai fara ci sosai ba."

"Ni saƙo aka ba ni, ba a ba ni kunne ba," in ji ɗan aiken. "Ka taho da su duka."

Haka ya taho, yana bisa Leeba, ɗan duƙushin yana tsalle a gefenta, ga kuma surukinsa Ntsane, yayan Mamosa, a kan wani tsohon doki yana zuba kamar kanya. Ntsane mutumin kirki ne, zai iya cire bargonsa ya ba ka, sai dai bakinsa ba linzami. Shi ya sa Malefane ya bar ta ciki na ciki. Wa zai gaya wa Ntsane cewa yana so dokin Morena ya faɗi, kafin azahar fada ba ta ji ba?

Filin ya cika ya batse. Turawan bariki da na gonakin ƙetare sun kafa farar rumfarsu, matansu na shan shayi a ƙarƙashin laima. Su aka fara yi wa nasu tseren, da dogayen dawakinsu masu siraran ƙafafu, Di'o yana kallo da madubin hangen nesa. Sauran jama'a suna bayan igiya, kowa a naɗe cikin bargo, mata na sayar da giyar dawa da naman tunkiya. Ralitelu, Baturen kantin da gemunsa ya jawo masa sunan, yana zagaya dawakin 'yan ƙasa yana buɗe musu baki yana duba haƙori, kai ka ce nasa ne.

Malefane ya sulale da Leeba zuwa rafi, ya bar ta ta sha har cikinta ya yi tim. Ya ƙyale ta ta ƙara da ɗanyar ciyawa. Ntsane ya tarar da su, ya ɗora hannu a ka.

"Suruki! Kanka ɗaya kuwa? Wa ke shayar da doki kafin tsere? Ko dutsen nan har kwanyarka ya taɓa?"

"Ƙishi take ji."

"Ƙishi! To, ta sha, sai ka ɗauke ta a kafaɗa ka yi gudun da ita. Kawo yaron nan in riƙe maka, kada ya shiga ƙafafun dawaki."

Wannan kam gaskiya ce, don haka ya miƙa masa igiyar duƙushin. Aka kira masu tseren 'yan ƙasa, suka nufi gindin tsauni can nesa, inda ake tashi. Tun a hanya Leeba take waiwaye tana haniniya. Ya shafa wuyanta, ya ce mata a hankali, "Yi haƙuri, 'yar gida. Mu yi ta baya abinmu, su yi mana dariya, mu koma gida."

Wani Bature ya saki jan ƙyalle, ƙasa ta ɗauki rugugi. Malefane ya ɗaure linzami tamau, dawaki suka wuce su, ƙura ta rufe shi. Ya ji daɗin ƙurar nan har cikin ransa. Suna cikin na baya-baya, ruwa na kaɗawa a cikin goɗiyar, komai yana tafiya yadda ya tsara.

Daga nan iska ta juyo daga wajen kanti, ta kawo wani siririn kuka. Kunnuwan Leeba suka miƙe. Malefane ya ɗaga ido ya hango abin da bai taɓa kawowa a ransa ba: can a gindin sandar da ke nuna ƙarshen tsere, ga Ntsane tsaye yana kaɗa hularsa ta kaba, ga duƙushin a hannunsa yana fizge-fizge. Dabara ce da kowane mahayi a ƙasar ya sani, in za ka yi tsere da mai jego, ka tsayar da ɗanta inda ake tsayawa. Ntsane taimako ya yi, da zuciya ɗaya, irin gyaran gangar Auzinawa.

Leeba ta zabura. Ya ja, ta fizge. Mai ƙafa biyu zai dafe likkafa ya kwanta baya da dukan nauyinsa, amma gwiwar hagu ba ta da abin da za ta ba shi. Ya naɗe linzamin a hannu, ya ja har kanta ya karkace, duk da haka tana wuce dawaki ɗaya bayan ɗaya. "Tsaya mana! Don Allah tsaya!" Ba wanda ya ji shi, jama'a sun ɗauka kirari yake mata. Sai kumfar bakinta ta fantsamo masa a hannu, ya duba ya ga ja ce. Ƙarfen ya tsaga mata baki. Shi da ya yi jinyar wannan dabba da hannunsa, yau shi ne yake yaga ta. Ya ji ba zai iya ba, ya sassauta.

Ta wuce ingarman sarkin ƙetare ana saura kaɗan. Ba ta ma san da wata sanda ba, wajen ɗanta ta nufa, ta ci birki har Malefane ya kusa faɗowa. Duƙushin ya cusa kai ƙarƙashinta ya kama nono. Mata suka kaure da guɗa, maza suna jifa da huluna sama.

"Ka gani?" Ntsane ya rungume shi yana ihu. "Da ruwan da komai! Ka ce na gode, suruki, ka ce na gode mana!"

Aka ja Malefane gaban Morena Ramakoro, wanda ke zaune kusa da rumfar Turawa, fuskarsa kamar gonar auduga. Ba mugun mutum ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Abinsa ne ya gani ya yi kyau.

"Wannan ce 'yar ƙazuwar nan?" in ji Morena. "Kai, Malefane, ashe dukiya kake ɓoye mini a kan tsauni!"

"Taka ce, Morena. Ni mai tsaro ne."

"Ka kuwa tsare. Ku kawo bargo."

Aka yafa masa sabon bargo mai zanen masara, irin wanda bai taɓa mafarkin sawa ba. Ralitelu ya riga ya durƙusa yana latsa ƙafafun Leeba, ya ɗago ya yi magana da Morena, Morena ya gyaɗa kai.

"Irin wannan ba ta ɗaukar buhu ba ce," in ji Morena da ƙarfi don kowa ya ji. "Yau za ta kwana a bargata. Ralitelu zai kai ta babban tseren birnin Maseru, su ma can su san da mu."

Malefane ya rusuna. "Morena, ɗanta fa? Nono yake sha har yanzu."

"Au, ka ji ni da mantuwa. Mai kiwo ba ya komawa hannu wofi. Ɗan naka ne, halak malak, na ba ka. Dama mai tsere ba ta tafiya da goyo."

Jama'a suka ɗauki sowa, ana yabon hannun Morena. Kyauta ce babba, ba kowa ake ba ɗan goɗiyar da ta ci tsere ba. Wa zai tsaya a gaban sarki da Di'o ya ce wannan kyautar ba za ta kai ƙarshen sanyi babu uwa ba? Malefane ya cire hula, ya yi godiya yadda ake yi, har sau biyu.

Shi da kansa ya kwance sirdin, don sirdin dai nasa ne. Ya goge mata jinin baki da gefen sabon bargon. Fadawa biyu suka ja ta, tana turjewa, tana waiwaye, nono na ɗiga a ƙafafunta. Duƙushin ya yi ta kuka har muryarsa ta dishe.

Ntsane ya dubi Malefane, ya dubi gurguwar ƙafar, ya dubi hanyar tsaunin da suka sauko da safe. Murnar ta zube daga fuskarsa.

"Suruki... ba so kake ta ci ba?"

Malefane ya girgiza kai, idonsa na kan hanyar da aka bi da Leeba.

"Me ya hana ka gaya mini? Kai, na shiga uku. Me zan ce wa Mamosa?" Ya kamo tsohon dokinsa. "Hau nawa, ni in taka."

"Yau in hau naka," in ji Malefane. "Gobe fa?"

Ya ajiye sirdin a ƙasa ya zauna a kai, a tsakiyar filin da ya fara watsewa, don ƙafar ta ƙi ɗaukarsa. Mutane na wucewa suna yi masa barka, yana amsawa. Duƙushin ya gaji da kuka, ya matso yana shinshinar gefen bargon inda warin uwarsa yake. Ya cusa ɗan bakinsa ƙarƙashin bargon, yana tunkuɗar haƙarƙarin Malefane, yana neman nono. Malefane ya miƙa masa yatsa. Ya tsotsa, ya tsotsa, ya saki, ya sake tunkuɗarsa.