Fim ɗin Gwaji

"Sauke wayar nan, Auta. Na ce ki sauke ta!"

Tsohon ya ja bargo ya rufe fuska har goshi, ba abin da ake gani sai furfurarsa da yatsun da ke rawa a bakin bargon. Auta, 'yarsa da ta baro gidan mijinta ta zo jinya, ta tsaya riƙe da waya, idonta ya kawo ruwa.

"Baba, ɗaya tak. Don yara."

"Wanda duk ya sace min fuska da wannan abin, ban yafe ba."

Mai Gwanjo tana bakin ƙofa da kwali a hammata, ta ji komai. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanta da na tsohon, wanda ake kira Mai Hoto, kuma shi ya koya mata sana'ar da take ci da kanta. Tsofaffin kyamarori take saye a gwanjon intanet, ta goge, ta gyara abin da zai gyaru, ta sake sa su a gwanjo. Shi ya nuna mata yadda ake haska tocila cikin gilashi a gano funfuna, da yadda ake kanga kunne a ji ko ƙarar kyamara ta lafiya ce. Bai taɓa yaba mata ba ko sau ɗaya. In ta yi daidai sai ya ce, "To, yau dai ba ki ɓata ba."

Tun da ciwo ya kwantar da shi ya ce ta kwashe kayan aikinsa ta sa a gwanjo. Wai kyamarar da aka ajiye a kan kanta don tunawa da mamaci, funfuna ce ke gadonta. Ƙafa ukun da ake ɗora kyamara a kai ta tafi, filashi ya tafi, jakar fata ta tafi. Saura guda, baƙar kyamararsa ta fim wadda gefunanta suka goge har tagulla ta fito. Ita ma tana kan gwanjo, mutane sun fara tayawa.

Auta ta biyo ta har waje ta riƙe mata hannu.

"Yaya, kin san duk unguwar nan ba gidan da babu hoton da Baba ya ɗauka. Amma wallahi na zazzage akwatunansa kaf, babu nasa ko guda, in ba ɗan mitsitsin nan na katin shaida da hatimi ya cinye rabin fuskar ba. Likita ya ce mu yi ta addu'a kawai. Me zan nuna wa 'ya'yana in sun tambaye ni kakansu?"

"Share hawayenki," in ji Mai Gwanjo. "Ko ana ha-maza-ha-mata sai na ɗauke shi, kuma da yardarsa."

Ta faɗa ne kawai, ba ta san ta inda za ta ɓullo masa ba. Washegari sai ga saƙo daga wani mai tayi. Mutumin ya ce yana son kyamarar, amma a yi masa abin da masu sayar da kayan kirki ke yi, a zura mata fim guda a ɗauki fuskar mutum, ya ga ko gilashin yana da kaifi. Mai Gwanjo ta karanta, ta sake karantawa, ta yi dariya ita kaɗai a tsakiyar kwalayenta.

Ta same shi an jingina shi da matashi, Auta na ba shi ruwa da cokali. Ta karanta masa saƙon.

"Yana da gaskiya," in ji tsohon. "Ba a sayar wa mutum kyamara a rufe. Ki ce masa za a yi. Ga Auta nan, ɗauke ta."

"Ai Baba, mai tayin cewa ya yi fuskar tsoho yake so, mai tamoji, don ya ga ko gilashin zai fito da su ɗaya bayan ɗaya."

Wannan na ƙarshen ita ta ƙara da bakinta, Allah ya yafe mata. Tsohon ya dube ta ta ƙasan ido, ya dubi kyamarar da ke hannunta.

"Gwaji ne dai ko?"

"Gwaji ne, Baba."

"To zura fim ɗin."

Ta buɗe bayan kyamarar, ta ja harshen fim ta cusa, ta rufe da sauri kada ya canza shawara. Abin mamaki, mutumin da ke jan bargo jiya sai ga shi kamar ango. Ta ce ya juyo, ya juyo. Ta ce ya ɗaga haɓa, ya ɗaga. Har murmushi ya yi ta yi mata, wani irin murmushi na jin daɗi da ba ta san shi da shi ba. Ta yi ta dannawa tana ja, tana dannawa tana ja, Auta a bayanta ta toshe baki da mayafi. Da lissafin kyamarar ya kai ƙarshe ta naɗe fim ɗin, ta ji ya naɗu nan da nan ba nauyi, amma murna ba ta bar ta ta tsaya tunani ba.

Mai wankin fim guda ne ya rage a garin, a wani ɗan shago bayan masu gyaran waya, kuma ba kullum yake haɗa ruwan wanki ba, sai aiki ya taru. Kafin ya kira ta, gwanjo ya rufe. Mutumin nan mai son gwaji shi ya ci, ya biya, ya rubuto cewa yana jiran kyamara da hotunan gwajin tare kamar yadda aka yi alkawari.

Ta shiga shagon da fara'arta. Mai wankin ya ɗago fim ɗin ya miƙe shi a gaban fitila. Fari fat, tun daga kai har wutsiya, kamar leda.

"Malam, ka ƙona min aiki!"

"Haba, ƙanwata. Da ni na ɓata, ai ba za ki ga rubutun gefen nan ya fito raɗau ba. Fim ɗinki haske bai taɓa shi ba. Harshen bai kama ba, kina ta ja yana kwance a gidansa. Ba ki dubi kunnen hagu ba, wanda ake naɗe fim da shi? In fim na tafiya, ai shi ma juyawa yake yi."

Mai Gwanjo ta dafa kanta. Abin da tsohon ya fara koya mata ke nan, tun ranar da ta fara riƙe kyamarar fim. Kunya ta kama ta, sai kuma murmushin nan nasa ya faɗo mata a rai. Yana zaune daf da ita, idonsa a kan kyamarar. Nan take kunyar ta koma haushi. Ta sayi sabon fim a wurin, ko sallama ba ta yi wa mai shagon ba.

A 'yan kwanakin nan tsohon ya ƙara zubewa. Wuyansa ya zama kamar na ɗan tsako, numfashinsa na fita da ƙyar. Duk da haka da ya ga fuskarta, sai da gefen bakinsa ya motsa.

"Baba, ka gani ko?"

"Tun dannawar farko," ya ce a hankali. "Kunne a tsaye cak, ke kuma kina ta ɗaga haɓa, juyo nan. Na daɗe ban ji daɗi irin na ranar ba."

"Kuma ka yi shiru!"

"Ke ma ai kin yi min ƙarya. Wane mai saye ne zai ce sai fuskar tsoho? An ci gwanjon?"

"An ci, an biya."

"To me kyamarar take yi a hannunki? Kayan mutane ne yanzu. Naɗe ki aika masa yau."

Mai Gwanjo ta ja kujera ta zauna daram, ta ɗora kyamarar a kan bargon, daidai ƙirjinsa, ta ajiye sabon fim a gefenta.

"Ba inda za ta. Kyamara da gwaji aka yi wa mutumin alkawari, kuma da bakinka ka ce in amsa masa. Ba gwaji, ba aikawa."

"Masu gwanjon za su rage miki taurarin yabo. Su rufe miki shago ma."

"Su rufe. In mutumin ya tambaya, in ce masa mai kayan ne ya saɓa."

"Ni? Ni na taɓa saɓa wa mai saye?" Ya yunƙura zai tashi, tari ya sarƙe shi. Auta ta tallabe shi har ya lafa. "Ga Auta nan, na ce."

"Auta ba za ta zauna min ba."

"Ba zan zauna ba, Baba," in ji Auta.

Tsohon ya rufe ido. Da ya sake magana, faɗan ya fita daga muryarsa.

"Da ina da ƙarfi, kullum cewa nake gobe, akwai aikin mutane a gabana. Yanzu ku dube ni. Na yi shekaru ina gyara wa mutane zama don su fito da mutunci. Ba na son jikokina su san ni a ƙashi da fata."

Auta ta durƙusa a bakin gadon ta kama hannunsa.

"Baba, ni ba don kyau nake so ba. Tsoro nake ji. Fuskar Mama ta fara ɓace min sai na ɗauko hotonta, kuma kai ka ɗauka min shi. Kai wa zai ɗauka min? A hakan nake son ka, wallahi a hakan."

Mai Gwanjo ta kafa ido a ƙasa, ta ƙudura a ranta ko za a kwana a nan ba za ta ɗauke kyamarar daga ƙirjinsa ba. Can sai ta ji ƙaras, ya buɗe bayan kyamarar.

"Miƙo fim ɗin. Ke ba a ba ki amanar harshe."

Yatsun da ba sa iya riƙe cokali suka ja harshen fim, ya kuɓuce, suka sake ja, ya sake kuɓucewa. Ba wadda ta yi gigin taimaka masa. A ƙarshe ya cusa shi, ya rufe, ya ja da babban yatsa, kunnen hagu ya juya a gaban idonsu duka. Ya miƙa mata.

"Ɗaya tak. Sauran ki ƙarar a kan Auta, mutumin ya ga gwajinsa."

Ta miƙe ta kai kyamarar ido. Ta cikin gilashin ta gan shi ya haɗe rai, ya ƙame kamar mai jiran allura. Ta matsa hagu da gangan, ta tare hasken taga da jikinta.

"Ke! Wa ya koya miki tsayawa a gaban haske? Matsa can, ki bar..."

Ta matsa taku guda, ta danna.

A ranar ta ƙarar da fim ɗin, ta cire shi, wannan karon ta ji nauyinsa a hannu yana naɗuwa. Ta naɗe kyamarar da soso, ta sa a kwali, ta kai kamfanin aika kaya, ta rubuta wa mai sayen cewa gwajin na biye. Da ta dawo ta leƙa ta gaya wa tsohon an aika. Bai buɗe ido ba, ya dai gyaɗa kai.

Bai ga hoton ba. Bayan kwana biyu, da hantsi, tana goge wani gilashi a ɗakinta, ta ji kukan Auta ta kan katanga. Ta ajiye tsumman, ta zauna a ƙasa ta yi kukanta ita ma, sannan ta wanke fuska ta shiga gidan. Unguwa ta cika maƙil, har waɗanda suka tashi tuntuni sun zo. Aka kai shi makwancinsa kafin rana ta yi zafi.

Fim ɗin kuwa yana can wurin mai wanki, kuma tsoron zuwa karɓa take yi. Kyamara ta tafi, mai ita ya tafi, in wannan ma ya fito fari ba ta san da wane ido za ta dubi Auta ba. Sai ranar da Auta ta fara haɗa kayanta za ta koma gida, sannan Mai Gwanjo ta daure ta tafi. Mai wankin na ganinta ya miƙo ambulan.

"Na ji rasuwar. Allah ya jiƙansa. Na farkon na buga miki shi babba."

Ba ta buɗe a shagon ba, ba ta buɗe a hanya ba. Ta samu Auta a ɗakin tsohon, an naɗe katifa an jingine, tagar a buɗe. Suka zauna a kan katakon gadon, Auta ta zaro hoton a hankali.

Ga shi nan, baƙi da fari. Haske ya sauka a rabin fuskarsa, kowane tamoji ya fito. Ya ɗago daga matashi, yatsa a miƙe, gira a sama, baki a buɗe yana tsakiyar faɗa, idon nan nasa ƙyar a kan mai ɗauka.

Auta ta yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya. Ta goge tafin hannunta a zani, ta riƙe hoton ta gefe-gefe don kada yatsa ya taɓa fuskar, ta matsa kusa da taga ta ci gaba da kallo.