Mutumin da ke Jikin Buta

Kwana uku wata mai hoto ta yi tana haɗa ɗakin ɗaukar hoto ita kaɗai. Ita ta manna farar takarda a bango, ita ta kafa fitilu, ita ta durƙusa tana cusa kwali ƙarƙashin faifan da ke juya kaya har ya daina rawa. Mijinta kuwa, mai ce wa mutane "ɗakin hotonmu", duk kiran da ta yi masa sai ya ce yana zuwa.

Ta ɗora butar shayi mai sheƙi a kan faifan, tana juyawa tana ɗauka, hoto talatin da shida. Da ta buɗe su a kwamfuta, sai ranta ya yi baƙi ƙirin. Jikin butar ya zama madubi: ga gogan nata kwance a doguwar kujera, yana latsa waya. Duk aikin ya lalace.

"Baban yara, zo ka ga taimakonka!"

Ya leƙo yana miƙa. "Kai, mun yi ƙoƙari."

"Kai da wa?" Ta danna hotunan ɗaya bayan ɗaya. "Duba da kyau. Buta ma ta zagaya ta dawo. Kai ko juyi ba ka yi ba."